Uba da Ɗa a Kan Hanyar Kallon Tamaula

In aka ce wani magidanci ya tashi daga Batsari ko Safana, ya riƙe hannun ɗansa, sun tafi birnin Katsina kallon ƙwallon ƙafa, sun kuma komo gida lafiya, mai ji zai ce wannan ai ba labari ba ne. Ba a ci gari ba, ba a naɗa sarki ba, ba a kafa wata doka ba. Amma wanda ya san ƙasar nan da abin da ya wuce a kanta ba zai raina wannan 'yar tafiya ba. Kafin ta yiwu sai abu uku sun haɗu. Sai akwai wasan da za a kalla, sai akwai filin da za a yi shi, sa'an nan sai hanya tana da lafiya, tafiya da dawowa. Kowanne cikin ukun nan yana da nasa tarihi. Na ukun kuwa shi ya fi wuyar samu, shi ya fi saurin kuɓucewa.

ƘASAR DA HANYARTA A ZAMANIN DA

Batsari da Safana suna yammacin ƙasar Katsina, wajen iyaka da Zamfara. Hakimin Batsari shi a ke kira Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Daga Batsari zuwa birni tafiyar wajen mil 30 ce, watau kimanin kilomita 50. Safana ta fi haka nisa, don matafiyi ya kan biyo ta Dutsin Ma da Kurfi. A bayan garuruwan nan biyu akwai Dajin Rugu, babban daji wanda ya taso tun daga wajen Jibiya ya yi kudu, ya kuma ratsa cikin Zamfara. Dajin nan albarka ne ga makiyayi da maharbi da mai itace, amma tun da can mafaka ne ga mai mugun nufi.

Cikin 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina, a jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga baya ya kafa Maraɗi, bai kuwa fid da rai ga komowa ba. Saboda haka aka yi ta gwabzawa tsakanin Katsina da Maraɗi shekara da shekaru. Mayaƙan Maraɗi da abokansu Gobirawa su kan sulalo ta cikin daji, su auka wa garuruwa, su kwashi dabbobi da mutane. Kowane gari na yamma sai da ganuwa. Manomi ba ya nisa da ƙofa, in yana noma kwari da baka suna rataye kusa da shi. Cikin irin wannan zama ne jarumai irin su Ɗanwaire na Ruma suka yi suna, har yau ba a manta da su ba.

Cikin 1853 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya tashi daga Katsina za shi Sakkwato. Bai iya miƙewa yamma sosai ba don tsoron rundunar Gobirawa. Sai ya bi ayarin Galadiman Sakkwato, suka kewaya ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda ta ke cikin ƙasar Safana, kana suka ratsa daji da gaggawa cikin fargaba. To, in babban hakimin Sarkin Musulmi da jama'arsa sai sun kewaya kafin su wuce, ina ga talaka da ɗan yaronsa? A zamanin nan ba mai barin gari don kallon wasa. Fatauci, ko yaƙi, ko gudun hijira, su ke fid da mutum daga gida.

A ƙarshen Maris 1903 Gwamna Lugga ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Cikin 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko Sarkin Katsina. Mulkin Turawa ya zo da nasa nauyi, ga haraji ga aikin tilas, amma da aka ja iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila, sai harin ya mutu. Mutane suka fito daga cikin ganuwa, suka sari daji, suka kafa ƙauyuka. Aka share hanyoyi, motoci suka fara shigowa ɗaukar gyaɗa da auduga. Daga nan ne tafiya don nishaɗi ta yawaita. In kaka ta yi, uba ya kan ɗauki ɗansa a kafaɗa zuwa maƙwabcin gari kallon dambe ko kokawa, mai hali kuwa ya kai nasa birni ya ga hawan salla. Watau tun kafin ƙwallo ta zo, al'adar kai yaro kallo ta riga ta zauna.

ZUWAN TAMAULA

Ƙwallon ƙafa, wadda mutanen da su ke kira tamaula, baƙuwa ce. A Ingila aka tsara dokokinta cikin 1863. Ta shigo Nijeriya ta bakin teku, tare da ma'aikatan jiragen ruwa da soja da malaman mishan. Wasa na farko da aka rubuta labarinsa an yi shi a Kalaba cikin 1904, tsakanin 'yan makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano cikin 1911. Duk inda aka yi babbar tasha, kamar Kaduna da Zariya da Kano da Jos, sai ka ga akawuna da leburori sun share fili suna bugawa da maraice.

Birnin Katsina bai sami jirgin ƙasa ba a zamanin Turawa. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda cikin 1929. Saboda haka tamaula ba ta shigo Katsina ta tasha ba, ta makaranta ta shigo. Cikin 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horad da malamai, Gwamna Kilifod ya buɗe ta cikin Maris 1922. Nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, da Ahmadu Bello, da Abubakar Imam, da sauran manyan Arewa da yawa. Turawan makarantar sun ɗauki wasa kamar wani darasi. Da maraice kowane ɗalibi sai ya fita fili, ko tamaula, ko kurket, ko ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu, wadda Sardauna ya gwanance da ita ƙwarai. Sarki Dikko kuwa da ɗansa Usman Nagogo suka rungumi ƙwallon dawaki, har Katsina ta yi suna da ita a Nijeriya duka. Amma ƙwallon dawaki ta mai doki ce. Tamaula ba ta neman kome sai fili da ƙafa.

Ɗaliban kwaleji suka fita suka zama malaman Midil, na Midil suka zama malaman elementare a garuruwan hakimai. Ta haka ƙwallo ta isa ƙasar Ruma da ta Yarima, cikin akwatin malamin makaranta, tare da alli da littafin karatu. Yaran da ba su sami ta fata ba sai su dunƙule tsumma su ɗaure da igiya, su aza duwatsu biyu a matsayin raga. Dattawa da fari ba su so ba. Suka ce wasan banza ne, yana hana yaro zuwa gona da makarantar allo, yana fasa yatsu, ga shi ƙato ya sa gajeren wando yana bin ɗan abu a guje. Ba wanda ya zaci wata rana jikokinsu za su biya kuɗin mota don su je su ga wannan gudu.

A can kudu kuwa abin sai gaba ya ke yi. Cikin 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Ikko. Cikin 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 suka tafi Ingila cikin jirgin ruwa, yawancinsu suna wasa ba takalmi, suka kuwa ci wasansu na farko 5 da 2. Shekara takwas kofin nan bai bar Ikko ba. Sai cikin 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Ikko 2 da 1, ta ɗauko shi ta kawo Arewa. Daga ran nan ba a ƙara cewa tamaula wasan mutanen bakin teku ba ce.

JI KAFIN GANI

Mutumin Batsari ya daɗe yana jin babbar ƙwallo da kunne kafin ya gan ta da ido. Cikin 1957 BBC ta fara magana da Hausa, cikin 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna. Akwatin rediyo ya shiga ƙauyuka, a kan taru gindinsa a ƙofar gidan mai gari ko teburin mai shayi. A zamanin Sardauna aka gina babban filin wasa a Kaduna, wanda a ke kira da sunansa. Cikin 1978 Pele, gwanin Birazil wanda duniya ta san shi, ya taka ƙwallo a filin nan. Lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, amma Kaduna ta yi wa manomin yamma nisa, sai ɗan kasuwa ko ma'aikaci ke iya zuwa. Ran 22 ga Maris 1980 Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Ikko, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofi da hannunsa. Mafi yawan mutanen karkara a rediyo suka ji wannan.

Ran 23 ga Satumba 1987 aka ba Katsina jiharta. Abin da da sai an je Kaduna, yanzu ya matso kusa. Cikin 1994 aka kafa ƙungiyar Katsina United, ba ta kuwa daɗe ba ta ba mutane mamaki. Shekara uku a jere tana kaiwa wasan ƙarshe na kofin nan da Kano ta taɓa ɗauka. Cikin 1995 Shooting Stars ta Badun ta kā da ita, cikin 1996 Julius Berger ta Ikko, cikin 1997 Eagle Cement ta Fatakwal. Sau uku ana kai hannu bakin tulu, ba a sha ba. Duk da haka Katsinawa sun ga 'ya'yansu na iya karawa da kowa. Cikin 1996 ɗin nan kuma Nijeriya ta ci lambar zinariya a wasannin Olimfik a Atlanta ta Amurka, bayan ta doke Birazil da Ajantina. Cikin 'yan wasan akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, dukansu 'yan Kaduna. Yaron ƙauye ya ji suna irin nasa a bakin mai rediyo, ya ce ashe abin ba na wasu ba ne.

Bayan wannan sai gidajen kallo suka yaɗu. A sami rumfar kwano da bencina, da talabijin, da janareta, da faifan tauraron ɗan'adam, a biya 'yan kuɗi a ga wasan Ingila ko na Sifen. Har ta kai yaro a Safana ya san sunayen 'yan wasan Landan sarai, alhali bai taɓa ganin ƙungiyar jiharsa ba. Ita kuwa Katsina United ta yi shekaru tana ƙasa. Filin Karkanda, wanda aka fara tun zamanin mulkin soja, ya daɗe a yashe, sai cikin 2013, zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema, aka gama shi. An ƙiyasta yana ɗaukar mutum 35,000. Daga baya aka sa masa sunan Sarki Muhammadu Dikko. Cikin 2016 ƙungiyar ta hau rukuni na ɗaya, aka fara kawo manyan ƙungiyoyin Nijeriya Katsina cikin 2017. A farkon wannan shekara kuma gwamnati ta yi sulhu da ɓarayin shanu, aka sami sa'ida ta ɗan lokaci. Ga wasa, ga fili, ga hanya, abu ukun nan sun haɗu.

YADDA TAFIYAR TA KAN KASANCE

Irin tafiyar nan ba rana ɗaya a ke shirya ta ba. Yaro ya kan yi wata da watanni yana naci. Sau da yawa ba ɗan fari ba ne, don kunya ba ta barin uba ya ja ɗan farinsa a jiki gaban mutane. Shi baffansa ko kawunsa ke kai shi. Na tsakiya ko auta shi ke samun bakin magana.

"Baba, yaushe za ka kai ni in ga Karkanda da idona?"

"Kai dai ka dage da allonka. In an kai amfanin gona gida, in Allah ya yarda, ma gani."

Yaro ya riƙe wannan "ma gani" kamar takardar alkawari. Da rani ya shigo, uban ya kai 'yan tiyoyin gero ko ɗan akuya kasuwa, ya ƙulle kuɗin mota da na shiga fili. Ran Lahadi da sassafe uwar ta wanke wa yaro rigar salla, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dabino, ta raka su bakin zaure.

"Malam, a dai komo mini da shi da wuri. Kai kuma ka riƙe hannun babanka, birni ba ƙauye ba ne."

A tasha ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, ko da saura biyar. Yaro a cinya a ke ɗaukarsa, don a rage kuɗi. Da mota ta tashi sai makaranta ta buɗe, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Uban yana nuna masa da baki, wancan garin su wane ne, can kakanka ya kan kwana da jakinsa in za shi birni, nan da duk daji ne. Abin da yaro bai taɓa ji a gida ba sai ya ji shi a hanya, don a gida uba mai ba da umurni ne, a mota kuwa abokin zama. In sun isa da wuri a kai shi ya ga Hasumiyar Gobarau da Ƙofar Soro, su ci abinci gidan ɗan'uwa, su yi azahar, kana su nufi fili.

Gani ya kori ji. Yaron da ya saba da ƙwallo cikin gilashin talabijin ya shiga ƙofa ya ga fili kore shar, alhali ko'ina ƙasa ta bushe, ga jama'a sun fi na kasuwar garinsu ninki ba adadi, ga ganguna, ga kirari. Ya kan yi tsit ya ƙanƙame hannun uban. Da an yi la'asar, wajen ƙarfe 4, a ke take wasa. Baƙi sun zo daga Aba ko Inugu ko Badun, harshensu dabam, addinin yawancinsu dabam, amma doka ɗaya ce a kan kowa. Uba mai hankali ya kan nuna wa ɗansa wannan.

"Ka ga mutumin can mai usur? Ba shi da sanda, ba shi da bindiga. Ƙarti ashirin da biyu, kowanne ya fi shi ƙarfi, amma in ya busa sai su tsaya. Me ya sa?"

"Suna tsoronsa ne, Baba?"

"A'a. Sun yarda da doka tun kafin su shigo. In suka ƙi ta, wasa ya watse, kowa ya yi hasara."

Ba kullum a ke wanyewa lafiya ba. Wani lokaci in aka ci masu gida, sai marasa haƙuri su yi ta zagi da jifa, har hukumar wasa ta ci ƙungiya tara ko ta hana ta filinta. Wannan ma darasi ne. Yaro ya ga yadda babansa ya ke ɗaukar kaye, ya kama bakinsa, ya ja shi su fita ba gaggawa.

Minti 90 da hutun tsakiya, wasa ya kan tashi wajen ƙarfe 6. Kafin a fito daga cunkoso an kira magariba. Nan fa hanya ta ke nuna halinta, don tafiya da rana a ke yi, amma komowa cikin duhu ce. In ƙasa tana lafiya ba wanda ya ke kula da wannan. Mota ta cika ta kama hanya, manya suna gardamar wa ya ɓarar da ci, yaro ya yi barci a ƙirjin ubansa. Bayan lisha su iso, uwar tana zaune ba ta rufe ƙofa ba. Gobe a makaranta shi ne sarkin labari.

DA HANYA TA SAKE RUFEWA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun wajen 2011 fitina ta kunno a Zamfara, ta biyo daji ta shigo Katsina. Asalinta da yawa. Gonaki sun cinye burtali da makiyaya, satar shanu ta yawaita, wanda aka zalunta bai sami mai share masa hawaye ba. 'Yan sa kai suka ɗauki doka a hannunsu, ramuwa ta bi ramuwa, har mai laifi da marar laifi suka zama ɗaya. Ga bindigogi sun yi araha, ga babura masu ratsa daji. Daga satar shanu aka koma satar mutane don neman fansa. Manomi ya sha wuya, makiyayi mai gaskiya ya sha wuya. Ƙananan hukumomi takwas na bakin daji suka fi jin jiki, watau Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume.

Sulhun 2017 bai ɗore ba. Cikin Mayu 2019 aka kashe mutum 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari. 'Yan'uwansu suka ɗauko gawawwakin a mota suka kawo birnin Katsina, don hukuma ta gani da idonta. Birnin da a ke zuwa kallon wasa, ran nan da makoki aka zo masa. Cikin Satumba 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga bakin daji da kansa ya sake yin sulhu, shi ma ya warware. Ran 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, cikin ƙasar Batsari. Ran 18 ga Afril na shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsin Ma da Safana. Ran 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Mata da yara suka baro ƙauyuka suka cika makarantun garin Batsari. Filin da yara ke buga tamaula ya zama wurin girki da shanya na 'yan gudun hijira.

A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta kafa dokar ƙuntata wa 'yan bindiga. Aka rufe wasu hanyoyi, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin bakin daji. Cikin Satumba aka yanke layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, sai wajen ƙarshen shekara aka fara mayarwa. Samarin da suka saba duba sakamakon wasa a waya suka koma gindin rediyo kamar kakanninsu.

A irin wannan hali wa zai yi zancen kallon ƙwallo? Filin Muhammadu Dikko yana nan, ana wasa, ƙungiya ta faɗi rukuni na biyu cikin 2022, ta sake hawa cikin 2023. Abin da ya ɓace shi ne motar bayan magariba. Direba ba ya yarda ya kama hanya in rana ta yi sanyi, mai tafiya sai ya shirya kwana birni, ba kowa ke da masauki ko kuɗin wannan ba, ba kuma mai son barin iyalinsa su kwana su kaɗai. In yaro ya ce, "Baba, yaushe?" uban ba ya ko iya cewa "ma gani." Hanyar lafiya, a bi ta da shekara, in ji masu iya magana, amma yaro ba ya jiran shekaru. Wanda ya ke ɗan shekara 10 cikin 2019 ya zama saurayi kafin ƙura ta lafa. Kwanakin da zai zauna a cinyar ubansa cikin mota sun wuce, ba su komowa. In aka jera wannan kusa da rayuka da dukiyar da aka rasa, ƙaramar hasara ce. Amma ba wanda ya ƙidaya ta, ba kuwa wanda zai biya ta.

Cikin Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, don su taimaki soja da 'yan sanda. Cikin 2025 shugabannin jama'a a Batsari da Jibiya da Safana da wasu wurare suka zauna da mutanen daji, aka yi sasanci, aka sako wasu da a ke tsare da su, wasu kasuwanni suka farfaɗo. Mutane sun rabu biyu a kan wannan. Wasu suka ce numfashi ne, ko na yini ɗaya ne a gode. Wasu suka ce an sha yi ana warwarewa, sulhun da bindiga ba ta bar hannu ba ba a sakin jiki da shi.

Tarihin ƙasar nan ya nuna lafiyar hanya ba gado ba ce da za a ajiye a rumbu. An rasa ta a zamanin Maraɗi, aka samu, aka yi shekara fiye da ɗari ana morewa har aka manta da darajarta, kana aka sake rasa ta a bakin dajin nan guda. Wanda ya ke son ya san ko ta komo da gaske, ba sai ya jira jawabin manya ba. Ya tafi tashar Batsari a birnin Katsina ran Lahadi bayan magariba. In ya tarad da mota tana lodi, ga wani magidanci ya ɗora yaro a cinya, yaron yana gyangyaɗi da ragowar rake a hannu, ba kuwa wanda ke duban agogo, to, ƙasa ta zauna. Allah ya maimaita wa mutanen Ruma da Safana irin wannan dare.